Rumbu Dabam, Mai Daka Dabam

Da asuba, in an sallame salla, Sallau ba ya komawa barci, ba ya kuma tsayawa hira a ƙofar masallaci. Shago yake zuwa. Ranar da zan ba da labarinta ma haka na same shi, zaune kan ɗan bencinsa a bakin ganuwar Birni, gari bai gama wayewa ba, allura a hannun hagu, zare a na dama. Ya zura zaren a kafar allura ya zare, ya zura ya zare, har sau uku. Sannan ya soke allurar a jikin hularsa ya ɗauki tsintsiya.

Shekara goma sha ɗaya ina ganin wannan, ban taɓa ganin ya ɗinka ko maɓalli da allurar nan ba. Sau ɗaya na tambaye shi. Ya ce gaisawa yake yi da idonsa da hannunsa.

"Ran da zare ya ƙi shiga, na rufe shago," in ji shi. "Ba zan jira mai kaya ya gaya mini na tsufa ba."

Ni mai walda ne. Ɗanƙarami ake ce mini, ko da yake sai na sunkuya nake shiga ƙofar shagona. Daga unguwar Kara-Kara nake fitowa da sassafe, don a bazara in rana ta take ƙarfe ba ya taɓuwa. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Sallau, layin wuta ɗaya muke ja. Teburin da yake aiki a kai ni na haɗa masa, na kuma liƙe shi da ginshiƙin ƙarfen da ke riƙe da rumfarmu, wai don kada ya riƙa rawa. Lokacin na ɗauka dabara na yi.

Gyaran ordinatar Sallau yake yi, kwamfutar nan ta hannu da ake rufewa kamar littafi. Bai yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko na kwana ɗaya. Allo ya yi, ya sauke, ya zauna gaban mahaifinsa Mahamud, maƙerin fari a cikin Birni, mai zobba da 'yan kunne na azurfa. A nan ya koyi riƙe hantsaki da magagari. Da kayan ado na kanti suka cika kasuwa, azurfa ta daina ciyar da gida, sai ya koma gyaran agogo. Ya yi shekara ashirin a kai, har salula ta zo kowa ya koma duba lokaci a cikinta. Ya yi rediyo, ya yi salular ita kanta. Ordinatar ta farko da ya buɗe matacciya ce, wani direba ya kawo masa daga Kano a buhu tare da 'yan'uwanta shida. Wata uku yana kwance su yana mayarwa kafin ɗaya ta buɗe ido. Matarsa Ramatu ta ce a lokacin har ta fara tunanin neman masa rubutun sha.

Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Amma lambobin da ke jikin kayan cikin na'urorin nan ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, yana kuma da wani ɗan littafi da ya cika da ajami, inda ya rubuta wanne ke shiga cikin wacce, wanne kuma ya gwada ya ƙi. Kayan aikinsa ba su da yawa: turnabis guda biyar na kwance bis (ƙananan kusoshin nan da ake murɗawa), hantsakin mahaifinsa, gilashin ido ɗaya na masu agogo, da katakon dara mai gurbi talatin. Ba ya wasan dara. Duk bis ɗin da ya kwance, gurbinsa dabam, layi-layi, daga na bayan na'ura har na can ciki. In ya zo mayarwa sai ya faro daga gurbin ƙarshe ya yo baya. Na ga masu takarda da suka gama gyara bis uku suka yi saura a tebur, suka share su cikin aljihu. A wurin Sallau in gurbi bai wofinta ba aiki bai ƙare ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai, shi ne kalmar da 'yan rediyo suka saba, wai na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya ce kalmar ta rikita mutane. Shi a bakinsa, inda na'ura ke ajiye kaya rumbu ne. Ɗan abin nan kuma da 'yan lakwal ke kira furosesar, wanda ke yin aikin, shi ne mai daka. In mai dakan ta yi rauni, komai cikar rumbu ba za a ci tuwo da wuri ba. A tsofaffin na'urori ana iya ɗaga ta a sa wadda ta fi ta ƙarfi. A sababbin an liƙe ta da dalma, ba ta fita. In ka kawo masa irin wannan ka ce ya ƙara mata sauri ta nan, zai mayar maka da kayanka ya ce ba ya yiwuwa. Wasu sun tafi da fushi, sun je inda aka ce musu yana yiwuwa. Sun dawo.

Kwana uku kafin wannan ranar wata yarinya ta zo, Zahra'u, 'yar jami'a, autar marigayi Malam Bukar malamin lakwal. Barebari ne, gidansu na cikin Birni tun zamanin kakanni. Tana rubuta littafin kammala karatunta a kan lambunan bakin tafkin Gidimuni, tana harhaɗa hotunan da aka ɗauko daga sama don ta nuna inda ruwa ya ja da inda ya ƙaru. Ordinatar da take aiki da ita ta mahaifinta ce, ta haura shekara goma. In ta ce ta buɗe taswira ɗaya, in ji ta, sai ta ɗora shayi ta sha na farko da na biyu na'urar ba ta gama tunani ba, wani lokaci ma ta yi zafi ta mutu. Saura kwana goma sha biyu ta tsaya gaban malamanta, taswira bakwai ba su haɗu ba.

Sallau ya juya na'urar, ya duba lamba, ya buɗe littafin ajaminsa. Ya shiga ciki ya jima yana tonon matattun da ya tara, ya fito.

"Taki mai daka biyu ce a ciki, ɗiyata. Ina da mai huɗu, guda ɗaya tak, kuma tana shiga. Ki gama kwashe abin da za ki kwashe ki kawo gobe."

Gobe ba ta zo ba. Jibi ma haka.

Sai ranar nan, da hantsi, na ɗaga kai daga ƙyauren da nake haɗawa na ga mata biyu. Zahra'u a gaba, ido ya yi ja. Bayanta wata dattijuwa cikin lafaya ruwan ƙasa, ta rungume abu a ƙirji, an naɗe shi da darduma. Mahaifiyarta ce, Ya Fanta.

"Wushe, Ya Fanta," in ji Sallau, ya jawo mata benci.

Ta amsa gaisuwar a taƙaice. Ta zauna, ba ta saki abin ba.

"Malam Sallau, na zo ne in ji da kunnena. Yarinyar nan ta ce za ka cire wa abin Malam ƙwaƙwalwa ka sa wata."

"Baba, na yi mata bayani har na gaji," in ji Zahra'u. "Kwana biyu tana kulle a akwatinta, makulli a wuyanta. Saura kwana tara."

"Ke yi mini shiru, da babba nake magana." Ta juyo ga Sallau. "Shekara biyun ƙarshe na Malam, kullum bayan la'asar yana zaune gaban abin nan yana yi masa magana. Sunayen kakanninmu tun daga Barno, wa ya haifi wa, tatsuniyoyin da uwarsa ta yi masa da Barbarci, duk suna ciki da muryarsa. Ran Juma'a nakan sa ta kunna mini. Ni na ga abin da ake nufi da ƙwaƙwalwa ta sauya. Uwata Kaka da tata ta sauya, ni da ta haifa tambayata take yi 'yar wace ce. To a sa wa wannan ta wani, ta tashi ba ta san Malam ba? Karatu dai ana sake shekara. Shi fa?"

Zahra'u ta fara kawo kalmomin Faransanci, uwar ta kawar da kai. Na ajiye abin da ke hannuna na jingina da ginshiƙi. Na san da ni ne da na yi ta rantsuwa har ta tashi ta tafi.

Sallau bai rantse ba. Ya ce, "Ya Fanta, ba ni aron ta. Bis huɗu kawai zan kwance, a gabanki. In kin ce in mayar, in mayar."

Ta dube shi, ta dubi katakon dara, ta warware dardumar a hankali. Ya kifa na'urar a kan tsumma mai tsabta, ya kwance bis huɗu ya zuba su a gurbi huɗu na layin farko, ya ɗaga wani ɗan murfi. Ya zaro wani abu mai faɗin tafin hannu, kamar gwangwanin kifi da aka danne. Ya naɗe shi a takarda ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga Malam Bukar. Da muryarsa, da kakanninku, da taswirar yarinya, duk suna nan. Wannan shi ne rumbu. Ni ba ni da aiki da shi. Mai daka zan sauya, ita kuwa ba ta ajiye komai, abin da aka ɗebo mata take dakawa. Kin taɓa sauya mai daka hatsi ya ragu a rumbu?"

"Ya danganta da mai dakan," in ji Ya Fanta.

Dariya ta kuɓuce mini. Sallau ma ya murmusa.

"Shi ya sa na ba ki makullin. Ki riƙe, kada ki ba ni sai kin ga dama."

Ta auna nauyin abin a tafinta. Sannan ta ƙulle shi a gefen lafayarta, ƙulli biyu, ta ɗora hannu a kai. Ta ce, "To, yi."

Ya wanke hannu ya goge. Ya taɓa ginshiƙin ƙarfe da tafinsa, kamar yadda yake yi kullum kafin ya taɓa cikin na'ura, ya ce hakan na sauke wutar da jikin mutum ke tarawa. Sannan ya ɗaga murya.

"Ɗanƙarami, kashe wutarka. Batirinta ya mutu, da ta bango zan gwada, ba na son tana rawa."

Na kashe injin. Na tsaya ina kallo yana cika gurabe, layi na biyu, na uku, ya ɗaga madannai, ya zare wasu siraran wayoyi da hantsaki, ya kai ga 'yar fankar ciki. Ya ciro wani dunƙule daga bakinta kamar gashin raƙumi ya nuna wa Zahra'u. "Rabin ciwonta ke nan. Shekara goma tana numfashi ta cikin bargo." Ya ɗauko sabuwar mai dakan daga gwangwanin da ya ajiye ta, ya ɗora a kan ɗan ƙyalle a gefen tebur. Faɗinta bai wuce akwatin ashana ba. Ƙasanta cike da 'yan ƙafafu rawaya, kusan dubu in ji shi, sirara kamar ƙayar ƙarangiya.

A nan na yi abin da na yi. Mai ƙyaure zai zo da la'asar, ni kuwa zaman banza ciwo yake sa mini. An ce in kashe wuta, ba a ce in ajiye guduma ba. Na koma shagona na ɗauki wani ƙarfe da ya lanƙwashe, na jingina shi da gindin ginshiƙi, na sauke masa guduma da ƙarfina.

Sau ɗaya na buga. Na ji Zahra'u ta yi salati.

Da na leƙo, bis na nan a gurabensu, don gurbin dara na da zurfi. Mai dakan ce ba ta kan tebur. Tana ƙasa, kan siminti.

Sallau ya sunkuya ya ɗauke ta ta gefe-gefe, ya manna gilashinsa a ido, ya juya ta wajen haske. Ya daɗe.

"Ƙafa biyu sun kwanta," ya ce. "Ɗaya kaɗan. Ɗaya sosai."

"Baba, in ta karye fa?" in ji Zahra'u.

"In ta karye ta mutu. Wata sai Kano, mako biyu in an yi sa'a."

Na matso kusa da Sallau. Bai ko dube ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya Fanta ce ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan ne Ɗanƙarami? To Allah ya raba mu da babban."

Sallau ya kai hannu ga hularsa ya zaro allurar asuba. Ya kifa mai dakan a kan ƙyalle, ya kafa gwiwar hannunsa biyu a tebur, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ta. Ta farkon ba ta ba shi wuya ba. Ta biyun ce. Ba ya tura ta gaba ɗaya. Ya ɗan taɓa, ya ɗaga kai ya yi numfashi, ya duba layin ta wannan gefe, ya juya ya duba ta wancan, ya sake taɓawa. Ni ma'aikacin ƙarfe ne, na san abin da yake gudu. Ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya, in ka mayar da shi ka zarce, ka sake dawo da shi, a na ukun hannunka zai biyo. Hanya ɗaya gare shi, kuma ba ya da damar wuce wuri.

Wani mai kabu-kabu ya tsaya zai tambayi hanya, na tare shi tun daga titi na sa ya kashe mashin. Iyakar abin da na iya yi ke nan. Gumi na bin gemun Sallau yana ɗiga a gwiwarsa, bai share ba. Zahra'u ta cusa gefen mayafinta a baki. Ya Fanta, da ta zo don ta hana aikin, ita ce na ji tana jan carbi tana cewa a hankali, "Allah ka riƙe hannunsa."

Ya fi rabin awa. Sannan ya mayar da allurar a hula. Ya juya wani bis rabin juyi, ya ɗaga tsohuwar mai dakan ya ajiye gefe. Ya daidaita sabuwar a kan gurbinta, kusurwa mai alama ga kusurwa mai alama, ya sake ta. Ba ta zauna ba, gefe ɗaya ya ɗan tashi.

"Baba, ɗan danna mana," in ji Zahra'u.

"In ka danna ka yi ƙarya. Wadda ta dace da kanta take zama."

Ya ɗaga ta, ya sake zaro allura, taɓi ɗaya. Ya mayar. Wannan karon ta faɗa lif, ba ko ƙara. Ya juya bis ɗin ya kulle ta. Ya goge tsohon man da ya bushe a jikin ƙarfen da ke janye zafi, ya ɗiga sabo mai ruwan toka, daidai ƙwayar dawa, ya ce in ya yi yawa ɓarna ne, in ya yi kaɗan ƙuna ne. Daga nan ya faro daga gurbin ƙarshe ya yo baya, bis bayan bis, har katakon dara ya wofinta, sai huɗun nan na layin farko.

Ya sa waya a bango ya danna. Fanka ta juya. Allon ya tsaya baƙi, na ƙirga numfashina har biyar. Sai haske ya kawo, wasu fararen rubutu suka fito.

"Karanta mana, ɗiyata."

Zahra'u ta matso ta duba allon. "Ta ce ba ta ga rumbu ba."

"Ina za ta gan shi?" in ji Ya Fanta. "Ga shi a hannuna."

"To kin ji," in ji Sallau. "Baƙuwa ta iso, ta ɗauki taɓarya, tana tambayar hatsi. Ba ta zo da komai ba, ba ta tafi da komai ba. Sauran naki ne."

Ta ɗan jima hannunta a kan ƙullin. Ta tambaya ko baƙuwar za ta iya Barbarci. Sallau ya ce mai daka ba ta tambayar gero daga gonar wa ya fito. Ta kwance ƙulli na farko da yatsa, na biyun ya ƙi sai da haƙori. Ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya ba ta.

Ya mayar da shi, ya ɗaure bis huɗu, ya juya katakon dara ya kaɗa don mu ga ba saura. Ya kunna. Hoton Malam Bukar da farar hula ya cika allon. Zahra'u ta kai hannu za ta buɗe taswirarta, Sallau ya ce, "A'a. Na uwarki tukuna."

Ta danna ɗaya daga cikin muryoyin, wadda hannunta ya faɗa a kai. Aka ji gyaran murya, aka ji wani dattijo ya fara jero sunaye, wane ɗan wane. Daga can bayansa kuma ana jin turmi, dum, dum, dum. Sai muryar ta tsaya ta ce da Hausa, "Fanta! Ku dakata da dakan nan mana, ina ɗaukar magana."

Ya Fanta ta dubi na'urar ta ce, "To da me za ka ci?"

Daga cikin na'urar, daga nesa, muryar mace ta ce, "To da me za ka ci?"

Muka yi dariya dukanmu, ita ma tana yi tana share ido da gefen lafayar da ya tattare saboda ƙulli. Ta ce haka yake, kullum sai an ɗora taɓarya yake tuna kakanninsa.

Sannan Zahra'u ta buɗe taswira. Uwar ta sunkuya tana naɗe dardumarta, kafin ta ɗago tafkin Gidimuni ya fito, shuɗi a tsakiya, koren lambuna kewaye. Ta buɗe ta biyu a kan ta farko, ta uku a kan ta biyu. Ta ce, "Baba, lugude suke yi!"

Bai sallame su ba. Ya ce mai huɗu ta fi mai biyu zafi, bazara kuma ba ta da sabo. Ya sa Zahra'u ta zauna nan ta ba na'urar aiki mafi nauyi da take da shi, shi kuma ya ajiye bayan hannunsa a bakin inda iska ke fita, ya cire, ya mayar, har aka kira azahar. Sannan ya yanko 'yan katako biyu ya ce ta riƙa ɗora ta a kai, kada ya ji an ce an ɗora ta a katifa. Ya Fanta ta nemi tsohuwar mai dakan. Ta ce shekara goma tana yi wa Malam aiki, ba za a jefa ta cikin matattu ba. Ya naɗe mata a takardar da ya naɗe rumbu.

Mai ƙyaure ya zo da la'asar bai samu ƙyaure ba, ya faɗi abin da ya faɗa, na shanye. Da Sallau ya tafi masallaci na shiga shagonsa da zarto na raba teburin da ginshiƙi, na ƙara masa ƙafa biyu, na yanko tsohuwar taya na sa a ƙarƙashin kowace. Da ya dawo ya dafa teburin ya girgiza, ya ce in je in buga gudumar. Na je na buga. Ya ce, "Yanzu ya zama tebur." Maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba.

Zahra'u ta tsaya gaban malamanta ranar da aka sa, da taswira bakwai cif. Ban je ba, ba wurin irina ba ne. Bayan kwana biyu Ya Fanta ta zo da kanta da ƙwaryar dabino, ta ce masu lambun Gidimuni ne suka aiko wa yarinyar. Ta ba Sallau, ta ɗebi cikin tafi ta ba ni, ta ce na mai guduma ne.

Sallau ya riga ya sa Zahra'u ta kwafe muryoyin a wani ɗan abu da suke kira kile, bai kai ɗan yatsa ba. Ya nuna wa Ya Fanta, ya ce rumbu ma yana tsufa, gara na shigarsa, mai hankali ba ya zuba iri duka wuri ɗaya. Ta juya abin a tafinta ta mayar masa. Ta ce wannan ƙanƙanin abu ko kwana biyu ba zai yi a hannunta ba, jikoki za su haɗiye shi ko tsintsiya ta tafi da shi. Ya ce to ta bar shi nan, ta aiko ran Juma'a.

Ranar Alhamis na samu aikin ƙyamaren wata makaranta a Tanut, na wata huɗu, a can nake rubuta wannan. Na biya shago da asuba in ɗauki kayan aikina kafin mota ta tashi. Yana kan bencinsa. Ya zura ya zare, ya zura ya zare, sau uku. Ya zura na huɗu, bai zare ba. Ya ƙulla bakin zaren, ya ɗauko wata 'yar jar fata da ya riga ya yanka ya huhhuda, ya kwantar da kile ɗin a tsakiya ya ninke, kamar yadda ake yi wa laya, da ɗan murfi da madauki na rataya a wuya.

Na ce masa na tafi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida Tanut, bai ɗago ba. Na saɓa jakata. Da na kai kwana na waiwayo, ya soka allurar a huda ta farko yana jan zaren.